Kayan Golf na Baba Sajan

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tara rabin wata unguwa a Shagari don su zo su ga yadda zan tayar da matacciyar mota ba. Ko yanzu da nake rubuta wannan sai da na ajiye biro na rufe fuska, alhali ni kaɗai ne a ɗakin. Amma tunda labarin ya riga ya zaga daga Sifawa har Dingyaɗi, kuma kowa yana ƙara masa gishiri yadda ya ga dama, gara ku ji shi daga bakin mai abin.

Ni malamin Turanci ne a wata sakandare a Bodinga. (Ku riƙe wannan da kyau, don shi ya sa abin ya fi ciwo.) A lokacin ina neman auren Asma'u, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Shagari. Ni da ita mun gama fahimtar juna tuni. Inda gizo yake saƙar shi ne wajen mahaifinta, wani tsohon soja da kowa ke kira Baba Sajan. Da magabatana suka je neman a sa rana, ya karɓe su hannu bibbiyu, ya sa aka yanka musu zabi, suka ci suka ƙoshi, sannan ya gyara zama ya ce musu:

"Ba ni da matsala da asalin yaron ga. Amma na ga kanai na rawa. Ku ba ni lokaci in ga hankalinai."

Kawuna ya dawo ya faɗa min haka ba tare da ya rage ko harafi ɗaya ba. Ni ne mai rawar kai? Ni da nake gyara wa shugaban makaranta wasiƙa kafin ya sa hannu? Daga ranar na ƙudiri aniyar sai na yi wani abu da zai sa tsohon nan ya miƙe tsaye ya sara min.

To Baba Sajan yana da wata mota ƙirar Golf, ruwan toka, wadda ya saya da kuɗin sallamarsa daga aiki. Kun san yadda Golf take a ƙasarmu. Ita ce motar haya, ita ce motar kai amarya, ita ce motar ɗaukar buhunan albasa har bisa rufi. Idan ka ce Golf a Bodinga ko Shagari, ko jariri ya san mota kake nufi. Ta Baba ta yi shekara biyu a ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa, an ɗora ta a kan duwatsu, giyarta ta mutu, ƙafafunta sun saki. Bakanike ya lissafa kayan da za a saya, fansho ya ce ba da shi ba. Duk da haka kowace Juma'a da safe sai Baba ya fito da bokiti ya wanke ta tsaf, ya goge gilasai, ya kori kajin da suka mayar da kujerar baya wurin ƙwai. Asma'u ta taɓa ce min idan ana son ganin ran Baba ya ɓaci, a tambaye shi ko zai sayar da ita.

Ana nan, wata Talata ina ɗakin malamai ina makin jarrabawa, sai wani saƙo ya faɗo a guruf ɗinmu na waya. Wani ne ya turo shi daga wani wuri, shi ma bai san daga ina ba. Akwai hoto a sama, amma sabis ɗin makarantarmu sai ka hau tebur kake samunsa, don haka hoton ya tsaya yana ta juyi bai buɗe ba. Rubutun ƙasa dai ya fito, da Turanci. Wani shago ne a Abuja yake sanar da rangwame na musamman ga sojoji da 'yan mazan jiya a kan kayan golf. Cikakken saiti, in ji su: ƙarafuna bakwai, katako biyu, direba ɗaya, da jaka.

Jama'a, na miƙe tsaye har kujera ta faɗi! Rangwame! Ga tsofaffin sojoji! A kan kayan Golf! Na ce wannan ba saƙo ba ne, addu'ar mahaifiyata ce ta karɓu. Nan take na fara fassara wa kaina. Ƙarafuna bakwai, ai su ne manyan sassan ƙarfe na ƙasan mota, su giya da ƙafafu. Jaka kuwa ta sifanu ce. Direba, wato har mutum za su haɗo ya gwada motar bayan an ɗaura kayan, irin tsarin manyan kamfanoni. Katakon ne kawai ya ɗan tsaya min a rai. Na yi ta tunanin inda katako yake a jikin Golf. Can na tuna wasu motocin masu kuɗi ana yi musu adon katako a gaban direba, sai na ce shi ke nan, Baba har ado zai samu.

Ba a rubuta farashi ba, lamba kawai aka sa. Na fita bayan aji, na hau wani tudu inda sabis ke kamawa, na kira. Wata mata ce ta ɗauka, da Turancin nan na Abuja mai fita ta hanci. Ni ma na zaro nawa Turancin, wanda nake ajiyewa sai ranar da sufeto ya zo makaranta.

Na fara da tambayar dalilin ɓoye farashi. Ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce kamfanin da ke ƙera kayan yana da doka: ya yanke farashin da babu shagon da zai yi talla a ƙasa da shi, don kada shaguna su yi ta karya wa juna farashi kayan su zube a idon mutane. Saboda haka rangwamen soja ba a rubuta shi a fili, sai dai a faɗa wa mutum baki da baki, sannan ya nuna katin shaidarsa kafin a sayar masa. Kuma rasit da sunan sojan za a yi shi. Kuma abin da aka saya da rangwame ba a mayarwa, ba a musanyawa. Ta maimaita wannan na ƙarshen har sau biyu. Ni kuwa duk abin sai ya ƙara burge ni, na ji kamar an saka ni cikin wani sirri na manya. Na ce mata wa zai mayar da alheri?

Sai ta shiga tambayoyi. Ta ce na hannun dama ake so ko na hagu? Na yi 'yar dariyar masana, na ce, "Haba Madam, a Najeriya fa muke. Na hagu mana." (Sitiyari nake nufi. Allah shi ne shaidata.) Ta ce mai kayan ya daɗe yana yi? Na ce ya fi shekara ashirin a hanya. Ta ambaci kalmar wasa, ta ce yaya wasan yake? Na tuna bakanike ya taɓa cewa sitiyarin motar yana wasa, sai na ce ai wasa kam ana yin sa sosai, shi ya sa ma muke neman sababbin kaya. Daga nan ta yi wata tambaya da kalmar da ni a iya sanina naƙasa take nufi. Raina ya ɗan sosu. Na ce mata surukina lafiyarsa ƙalau, ɗan ɗingishin da yake yi a bakin aiki ya same shi, kuma ba ya hana shi taka kuloci.

Sai ta ce, "Yallaɓai, ka dai ga hoton kayan ko?"

A nan ne Allah ya buɗe min ƙofa, ni kuma na sa ƙafa na rufe ta. Wallahi a daidai lokacin zuciyata ta ce min, kai, akwai abin da ba ka gane ba a maganar nan, ka tambaya. Amma sai na hango kaina, malamin Turanci guda, ina ce wa wata yarinyar Abuja ban gane Turancinta ba. Na ce mata na gani mana, sun yi kyau ƙwarai.

Ta faɗi farashin asali, sai da na nemi dutse na zauna. Ta faɗi na rangwame, na sake miƙewa. Har yanzu kuɗi ne masu nauyi, amma ba su kai rabin abin da bakanike ya lissafa wa Baba ba. Kuma ina da su. Kuɗin lefen Asma'u ne da na daɗe ina tarawa. Na ce wa kaina ai lefe ba ya amfani idan ba a sa rana ba, rana kuma tana hannun mai mota.

Da yamma na hau mashin ɗina sai Shagari. Ban taɓa yin tafiyar nan da sauri haka ba, ina tafe ina waƙa ni kaɗai. Na iske Baba a kan tabarma a gindin dogon yaro. Na cire takalma tun daga nesa, na durƙusa.

"Baba, an wuni lahiya? Albishir nika tahe da shi."

"Lahiya lau, Malam. Mi as samu?"

Na ce masa an buɗe wa 'yan mazan jiya rangwame a kan kayan Golf, cikakken saiti, kusan kyauta, katinsa kawai ake buƙata. Ban lissafa masa kayan ɗaya bayan ɗaya ba, don ina so ya gani da idonsa ranar da suka iso. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya kalli motar.

"Ka tabbata, Malam?"

"Da idona nik karanta, Baba. Turanci hwa aikina na."

Ya shiga gida ya fito da katin a cikin wata tsohuwar leda da aka naɗe sau uku. Na ɗauki hotonsa na tura. Da zan tafi Asma'u ta biyo ni zaure, tana sanye da fararen kayan aikinta, ta ce a hankali, "Ka ga hoton kayan ga kuwa? Mi zai hana ka nuna ma Ɗanjumma tukuna?" Ɗanjumma shi ne bakaniken da ke duba motar, garejinsa yana bakin tashar Bodinga. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta fara tunanin kalar atamfar da take so. Ban gaya mata da kuɗin atamfar zan biya ba.

Kwana goma sha ɗaya kayan suka yi a hanya, ni kuma kwana goma sha ɗaya na yi ina shela. Na gaya wa malamai. Na gaya wa mai shayi. Na je gareji na gaya wa Ɗanjumma ya ajiye duk aikin da yake da shi ranar Asabar. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Malam, ƙarhuna bakwai waɗanne? Ba su da suna?" Na ce masa manyan kamfanoni ba sa ɓata lokaci wajen suna, lamba suke sa wa kaya. Ya ce to, ku ne masu karatu.

Asabar da hantsi direban wata motar haya daga Sakkwato ya kira ni, ya ce in zo tasha in karɓi saƙo. Na je da ɗan gudu-guduna. Ya sauke wani kwali dogo siriri, tsawonsa ya kai ƙirjina. Na sa hannu biyu na tattara ƙarfina zan ɗaga, sai ga shi ya taso da hannu ɗaya. Giyar mota ai mutum biyu ke ɗaukarta. Amma na ce ƙarfen zamani ne, mara nauyi. Na dubi direban na ce masa halan shi ne direban da aka haɗo da kayan? Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi dai kwali aka ba shi, kuma yana da fasinja, in ba shi kuɗin dako.

Ɗanjumma ya ce mu buɗe a nan mu gani. Na hana. Na ce kayan soja a gaban soja ake buɗe su. Muka ɗaure kwalin a bayan mashin, shi ya bi ni a nasa da akwatin sifanunsa, muka kama hanyar Shagari ina ta danna ham ba gaira ba dalili.

Abin da na iske a ƙofar gidan ya wuce duk yadda na zata. Ashe Baba ma ya yi tasa shelar. An shimfiɗa tabarmi uku. Abokan majalisarsa duk sun hallara, har da limamin unguwa da wani tsohon ɗan sanda da ba ya jin magana sai an ɗaga murya. Matan gida sun cika zaure suna leƙe. An wanke motar har tana ɗaukar ido, an yi wa tayoyin iska an jingine su, ga galan na fetur a gefe. Baba da kansa ya sa tsohuwar hularsa ta soja a kan farar jamfa. Da na ga hular nan sai na ji daɗi ya cika min ciki, na ce yau kam an gama, rana ta sawu.

Da a ce na yi shiru aka buɗe kwalin, da abin ya zo da sauƙi. Ina! Sai da na yi jawabi. Na tsaya a gaban dattawa na yi bayanin yadda ilimi ke buɗe ƙofofi, da yadda damarmaki ke wuce mutanen karkara saboda rashin karanta sanarwa. Na bayyana musu dokar kamfani ta hana tallar farashi kamar ni na rubuta ta. Liman ya ce Allah shi yi albarka. Na juya na ce, "Ɗanjumma, bisimilla."

Ya sa wuƙa ya farke kwalin, ya jawo wata doguwar jaka baƙa mai aljihuna ta ko'ina. Yana dire ta ƙasa sai wasu ƙafafu biyu suka fito daga jikinta fat! Ɗanjumma ya yi tsalle baya. Na ce kada kowa ya tsorata, jak ɗin ɗaga mota ne na zamani. Daga bakin jakar wasu kawuna ne suka leƙo, wasu tsirara suna ƙyalli, wasu kuma kowanne da 'yar hularsa. Ɗanjumma ya zaro ɗaya. Sanda ce ta ƙarfe, siririya, da mariƙin roba a sama, ƙasanta kuma a lanƙwashe kamar ƙaramar fartanya. Ya juya ta, ya shinshina, ya leƙa ƙasan motar, ya sake dubanta.

"Malam, wanga ƙarhen mi na?"

"Na giya na," in ji ni. Muryata ta fara sirancewa.

"Guda bakwai? Golf giya biyar gare ta, sai ribas."

"Sabon samhuri na."

"Shekara ashirin ina kwance Golf ina ɗaurawa, aradu ban taɓa gamuwa da wanga ba."

Tsohon ɗan sandan ya karɓi ɗaya ya dogara, ya ce da ƙarfi ai sanda ce, kuma ta yi masa daidai. Wani ya ce a'a, ta kaɗo mangwaro ce. Ɗanjumma ya zuge wani aljihu, wasu fararen ƙwallaye ƙanana masu zanen ƙyanda suka zubo suna tsalle. Ban san lokacin da bakina ya ce boris ɗin taya ne ba. Ɗanjumma ya yi min irin kallon da ake yi wa mara lafiya.

Sai ya zaro mafi tsawo a cikinsu, ya cire mata hula, wani ƙaton kai ya bayyana kamar rabin ƙwarya. Akwai rubutu a jiki. Ya miƙo min ya ce tunda ni ne mai Turanci in karanta wa jama'a. Na karɓa. Na karanta a zuciyata. Na sake karantawa.

"Mi anka rubuta?" in ji liman.

Na ce, "Direba."

Duk wannan lokacin Baba Sajan yana zaune hannunsa a kan baki. Sai na ga kafaɗunsa sun fara motsi. Na ɗauka kuka yake, na ce shi ke nan na kashe tsohon mutane. Ashe dariya ce yake dannewa, ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hular ta faɗi, hawaye na zuba, yana nuna ni da yatsa ya kasa magana.

Da ya samu numfashi ya yi wa jama'a bayani. Ya ce golf wani wasa ne na manyan hafsoshi da masu kuɗi, ana buga 'yar ƙwallon nan da sandunan nan a wani makeken fili mai ciyawa har ta faɗa rami. Ƙarafuna da katako da direba duk sunayen sanduna ne. Ya ce yana ƙaramin soja ya yi shekara huɗu yana ɗaukar wa wani hafsa irin jakar nan a bariki. Ya ɗauki sanda ɗaya ya gyara tsayuwa, sai ya tsaya, ya juya ta, ya ɗaure fuska.

"Malam, wa yac ce maka ni bahago na?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Sitiyari nika nuhi, Baba."

Wannan karon har liman sai da ya kwanta a tabarma. Daga zaure na ji matan gida sun fashe, kuma a cikin muryoyin na tsinci ta Asma'u, wadda na tabbata tana dariya ne tana kuka a haɗe. An ɗaga murya an maimaita wa tsohon ɗan sandan, shi kuma ya yi tasa dariyar shi kaɗai bayan kowa ya gama.

Kun zata na haƙura? Na zaro waya na ce yanzun nan za a mayar musu da kayansu. Don in nuna ba wasa nake ba har na buɗe sifika kowa ya ji. Matar ta ɗauka, ta gane ni, ta gaishe ni da fara'a. Na yi mata bayani cikin Turancin da yanzu ya fara gurguncewa. Ta saurara har na gama, sannan ta tuna min dokar kamfani: kayan rangwame ba a mayarwa, ba a musanyawa, kuma ta faɗa min har sau biyu. Ta ƙara da cewa, "Kuma Yallaɓai, na tambaye ka ko ka ga hoton, ka ce sun yi kyau ƙwarai." Liman ya ce a fassara masa abin da ta ce. Duk wurin ni ne malamin Turanci, don haka ni na fassara.

A hankali mutane suka watse, kowa yana riƙe da ciki. Ɗanjumma ya ɗaure akwatinsa ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, ba zai gaya wa kowa ba. (Kafin in koma Bodinga 'yan tasha sun sani.) Aka bar ni daga ni sai Baba da jakar tana tsaye a kan ƙafafunta biyu. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce in zauna.

"Kac ce kusan kyauta na. Na san kuɗɗin kayan ga, ko da rangwame. Ina kas samo su?"

Na so in yi ƙarya, amma ƙaryata ta ranar ta ƙare. Na ce kuɗin lefe ne.

Ni kuwa na riga na sallama. Ina zaune ina tunanin yadda zan gaya wa kawuna, da yadda zan riƙa wuce Shagari ba tare da na waiga ba. A gaskiya tsoro ya kama ni, don sai a lokacin na gane ba kuɗi na jefa cikin kwalin nan ba, Asma'u na jefa.

Can Baba ya ce, "Kuskure ba shi ad damuwata ba. Kowa na yi. Amma matag ga ta tambaye ka, kac ce ka gani, alhali ba ka gani ba. A soja, wanda bai gane oda ba yac ce ya gane, shi ka sa a kashe abokanai. Ka gane?"

Na buɗe baki zan ce na gane, sai na tsaya na yi tunani tukuna. Sannan na ce na gane, Baba. Na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa.

Ya miƙe ya ɗauki direban nan, ya cusa ƙwallaye uku a aljihu, ya ce in biyo shi. Muka zaga bayan gida, inda gonar geronsa take, an riga an girbe. Ya tara ɗan tudun ƙasa ya ɗora ƙwallo. Yana gyara riƙo yana magana, ba tare da ya dube ni ba.

"Shekara huɗu ina bin mutumin nan da jaka. Rana, ruwa. Na san sunan kowace sanda, na san wadda zai nema tun bai buɗe baki ba. Ko sau ɗaya bai taɓa ce min, ungo gwada ba."

Ya ɗaga sandar ta hannun hagu, ya kawo duka, ya kwashi iska. Ya sake, ya kwashi ƙasa har ta watso min a baki. Na uku ya kusa faɗuwa. A na huɗu sai na ji ƙwas! Ƙwallon ta tashi, ta yi sama, ta yi sama, ta haye karan gero da shingen maƙwabci ta faɗa can cikin fadamar albasa. Baba Sajan ya ɗaga hannu biyu ya yi wani ihu da ban taɓa zaton yana da shi a ƙirjinsa ba. Ya juyo idanunsa sun cika da ƙwalla, yana haki yana dariya.

"Ka gani? Ka gani, Malam?"

Na ce na gani, kuma wannan karon da gaske nake.

Ya share ido da hannun riga, ya dawo Sajan ɗinsa. Ya ce in gaya wa magabatana su zo bayan an cire albasa a sa rana, kafin nan in sake tara abin da na ɓarar, don ɗiyarsa ba za ta shiga ɗaki da sanduna ba. Ya ce yaro mai rawar kai ne ni, wannan babu shakka, amma kan nawa wajen motarsa ya yi rawa, ba wajen amfanin kaina ba. Sannan ya nuna fadamar da sandar.

"Tahi ka ɗauko ƙwallon. Kuma duk Asabar ina son ganinka nan da sahe. Jakag ga ba ta ɗaukar kanta."

An ɗaura auren, alhamdu lillahi, yanzu har da 'yarmu. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa. Idan ba ka gane ba, ka ce ba ka gane ba tun mutum ɗaya ne zai ji. Ni na ji nauyin faɗa wa mace ɗaya a waya, wadda ba ta san fuskata ba kuma ba za ta taɓa sani ba, sai na faɗa a gaban liman da rabin unguwa da matar da zan aura. Kuma har yau duk Asabar, idan kun bi ta bayan Shagari kuka hango wani mutum da digirinsa, saɓe da jaka, yana rarrafe cikin albasar mutane yana ba su haƙuri, ba sai kun tsaya gaisuwa ba. Ku wuce kawai.